Takobin Agali Ya Koma Bagzan

Tun da muka dawo ban huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a bakin masallaci tambaya, har mahaucin da nake sayen nama wurinsa sai da ya ajiye wuƙa ya ce, "Malam Nasiru, wai gaskiya ta kun hau dutcin da mota ba ta hawa?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shekaranjiya wani ya rantse mini cewa an tsare Baba kwana bakwai a Nijar. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya faru, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san mu ba, ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare a nan Illela. Mahaifina, Alhaji Ummaru, tsohon dillalin albasa ne, shekarunsa saba'in da uku. Akwai wani Ba'abzine mai suna Agali da ya yi shekara talatin da ɗaya yana gadin sitonsa. Mun tashi mun gan shi a ƙofar nan da rawaninsa da butar shayinsa da takobi a kafaɗa, gari duka Buzun Alhaji ake ce masa. Asalinsa mutumin Bagzan ne, wani dogon dutse a ƙasar Abzin, can gaba da Agadas, wanda akwai ƙauyuka a samansa. Da yana zuwa gida duk bayan shekara biyu ko uku, amma da gwiwoyinsa suka mutu sai ya daina, don hawan ya fi ƙarfinsa. Ya rasu da bazarar da ta wuce. Kwana biyu kafin nan ya kira Baba, ya ɗora masa takobin a cinya, ya ce na kakansa ne, a kai wa ɗansa Ilyas hannu da hannu, ba ta hannun direba ba. Baba ya ce ya ɗauka.

Babu wanda bai ba shi shawarar ya aika ba, har da ni. Ya saurari kowa, ya ce, "To, na jiya." Duk wanda ya san Baba ya san in ya faɗi haka magana ta ƙare, kuma ba taka aka ɗauka ba. Da na ga tafiya ba fashi sai na ce ni zan shirya ta, kuma ba yabon kai ba, na shirya ta.

Na shimfiɗa taswira a tabarma na auna hanyoyi biyu, ta Damagaram da ta Tawa, na zaɓi ta Tawa don ta fi kusa. Na nemo lambar Sidi, ɗan ƙanwar Agali da ke aikin ja-gora a Agadas. Shi ya gaya mini abin da ya tayar mini da hankali: Ilyas zai bi ayarin gishiri zuwa Bilma da zarar damina ta ɗauke, sun tsayar da wata Asabar, kuma in ya tafi sai bayan watanni. Baba ba mai iya yin wannan tafiya sau biyu ba ne, ko mu same shi kafin Asabar ɗin ko kuwa shi ke nan. Na roƙi Sidi ya sanar da shi muna tafe. A can sama, in ji Sidi, kan wani dutse ɗaya tak waya ke kamawa, sai an hau shi ake jin saƙo. Bayan kwana tara amsa ta zo, kalma biyu: "Na ji." Ban gaya wa Baba yadda ta zo a bushe ba.

Sai takardu. Na sabunta mana fasfo, na kai Baba aka yi masa allurar shawara aka ba shi katin, bayan ya sha alwashin tsine wa mai allurar in ta yi zafi. Babban abin shi ne takobin. Na je fadar hakimi aka rubuta takarda cewa gado ne za a kai wa mai shi, aka buga hatimi. Ni na tsara abin da ke ciki: tsawonsa da na auna da tef, kubensa na jar fata mai kore a baki, da wata alama kamar jinjirin wata a jikin ƙarfen. Na haɗa da hoton Agali rataye da shi a ƙofar sito, na kai Ƙonni wani mai rubuta wasiƙu ya juya ta zuwa Faransanci. Baba yana kallona yana girgiza kai.

"Takarda zuwa Nijar?" in ji shi. "Ni da nika kalaci Illela in sha hura Ƙonni? Wa na bai san ni ba?"

Na ce, "Baba, Ƙonni ba ita ce Nijar duka ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka riƙe takobin nan a hannu, a fili, kowa ya gani."

Ya ce ya jiya.

Ranar Litinin da safe muka tsallaka, kuma a bakin iyaka sai da na ji kunya. Ina ta zaro takardu daga jaka, su kuwa ma'aikatan ɓangare biyu suna ta "Alhaji, ina zuwa haka da sassahe?" Wani har kujera ya jawo masa. An buga mana hatimi cikin minti kaɗan, Baba ya kalle ni ta wutsiyar ido ya yi murmushi. Da muka isa tashar Ƙonni na ga hannunsa babu komai sai carbi, na tambaye shi ina takobin.

"Shina inda ya dace," ya ce.

A nan na yi nawa laifin. Mutane sun kewaye mu, ban iya tsare mahaifina da tambaya a gaban jama'a ba, sai na ƙyale muka hau bas.

Mun kwana Tawa a gidan wani abokin cinikin Baba, aka kawo mana dambu da zogale da ya sha ƙuli, da doguwar burodin nan tasu mai yanke dasashi. Gaba da Tawa hanya ta fara nuna halinta. Wani wuri kwalta, wani wuri sai dai a ce an taɓa yin kwalta, direban ya sauka gefe ya bi rairayi don ya fi laushi. A Abalak Baba ya sayi cuku wurin wata Bafillatana, ya kai baki ya gatsa da ƙarfinsa, ya dafe muƙamuƙi yana salati. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai a shayi ake tsoma shi, ko ba a cin cuku a Najeriya? Baba ya ce ana ci, amma na can ba da siminti ake yi ba.

Bayan Abalak, wajen azahar ranar Talata, muka iso wani shingen jandarma. Kowa ya sauka da katinsa a hannu, aka buɗe wurin kaya. A cikin fasinjoji akwai Abzinawa uku, kowanne da takobinsa a kafaɗa, babu wanda ya ko kalle su. Wani jandarma ya zura hannu cikin buhun geron da muka ɗauko na tsaraba, ya tsaya, ya jawo tabarma a naɗe. Cikin tabarmar zanen mahaifiyata, cikin zanen takobin Agali. 

Aka kai mu gaban kwamandansu, wani baƙin dogo mai Hausar Adar. Ya juya takobin a hannu, ya dubi Baba.

"Tsoho, naka na?"

"Amana ta, ranka shi daɗe."

"To, mi ya sa ka ɓoye shi cikin hatsi?"

Baba ya gyara tsayuwa ya ba shi amsa tsakaninsa da Allah. "Mu Illela, abin da kaka so shi kai inda za shi, ɓoye shi aka yi."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma wanda ya san garinmu ba zai ga laifinsa sosai ba. Mu mutanen bakin iyaka ɓoyo ya zame mana jiki, ba sai abin haram ba. Tsohuwa za ta kai wa 'yarta kaza a Ƙonni, kazarta ce, ita ta kiwata, amma sai ta rufe ta da mayafi. Baba bai ɓoye takobin don ya raina shi ba, ya ɓoye shi ne don ya fi komai daraja a wurinsa. Su kuwa a wannan hanya, da irin abubuwan da suke gani, ƙarfe a cikin buhu ba abin wasa ba ne. Direban bas ya jira mu kaɗan, ya sauke mana kaya, ya ba mu haƙuri ya wuce.

Sai na buɗe jakata.  Na ajiye fasfo, na ajiye katin allura, na ajiye takardar hakimi da fassararta da hoton. Kwamandan ya karanta sau biyu. Ya sa aka kawo tef aka auna, ya zare takobin ya nemi jinjirin watan ya same shi, ya daɗe yana kallon hoton Agali. Ya tambaye ni wa ya rubuta wannan, na ce ni ne. Ya ce da kowa na tafiya haka da aikinsu ya yi sauƙi, amma tunda an riga an shigar da maganar sai ya ji daga na gaba da shi, kuma ba zai samu amsa ba sai gobe.

Mai shayin da ke gefen shingen ya ba mu rumfarsa. Da la'asar ya dafa taliya ya kawo, Baba ko kallonta bai yi ba. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mahaifina ba sai ran nan. Ya zauna ya zuba wa ɗakin da aka ajiye takobin ido, can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "In sunka riƙe shi, mi za ni ce ma Agali gobe kiyama?" Haushin da nake ji tun azahar ya bi iska. Na ce masa ba za su riƙe ba, alhali ni ma ban sani ba, ina ta lissafin kwanakin da suka rage kafin Asabar.

Da hantsi ranar Laraba kwamandan ya fito da takobin da kansa. Bai miƙa wa Baba a hannu ba, sai ya rataya masa shi a kafaɗa bisa babbar riga, ya gyara igiyar. Ya ce, "Haka aka tahiya da shi ƙasag ga, Alhaji. Kowa ya gane shi ga kahwaɗa ya san tufa na. Kak ka sake sa shi buhu." Ya tsayar mana da wata babbar mota mai zuwa Agadas. Mun yi nisa, takobin na ta dukan Baba a gwiwa duk ramin da aka faɗa, sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Nasiru, ashe bokon ga naka ba banza na ba." Shekara goma sha shida ina koyarwa, ban taɓa samun takardar yabo da ta kai wannan ba.

A Agadas gidan Sidi muka sauka, ko in ce gidan matarsa, don shi da bakinsa ya ce nata ne, in ta kore shi sai ya ɗauki sirdinsa ya fita. Ita ta tarbe mu, fuska a buɗe, ta zauna tana hira da Baba kamar ta san shi shekara goma. Shi kuwa mijin ya rufe baki da hanci da rawani, ko shayi zai sha sai ya zura kofin ta ƙarƙashi. Baba ya raɗa mini cewa a nan komai a juye yake. Da safe muka bi ofisoshi neman takardar hanya, wadda sai da ita baƙo ke shiga cikin duwatsu. A ciki ana rubuta sunayen matafiya, da na ja-gora, da na direba da lambar motarsa, da duk inda za a kwana, da ranar dawowa, sannan a kai wurare uku a buga hatimi. Na riga na rubuto komai tun daga gida, Sidi ya gyara mini sunan wuri ɗaya kawai, kafin azahar mun gama. Baba ya zauna a benci kamar ɗalibin kirki, har yana tambayata ko akwai sauran allurar da ba a yi masa ba.

Mun bi a-kori-kurar da Sidi ya shirya mana tun kafin mu zo, mai zuwa ɗaukar albasa, muka kwana a garin Tabelot, da safiyar Juma'a muna gindin dutsen. A nan ni ma na kwafsa, kuma gara in faɗa da bakina tunda Baba ya riga ya gaya wa rabin gari. Na duba taswira na ga tsakaninmu da ƙauyen su Ilyas bai wuce Illela zuwa Ƙonni da ɗan ƙari ba, sai na ce awa biyu mun isa. Sidi ya dube ni, ya ɗaga kai ya dubi dutsen, ya ja rawaninsa sama. Ni da nake zana wa ɗalibai layukan tudu a allo, ban taɓa hawa abin da ya fi bayan tirela tsawo ba, ban san yadda layukan nan suke a gwiwa ba.

Hanyar ta bi ta wani tsagi tsakanin manyan duwatsu, wani wuri kamar matakala, wani wuri sai da hannu. Mun yi hayar jakuna biyu. Baba ya ce shi bai hau jaki ba tun yana yaro, bayan rabin awa ya hau ba tare da an sake roƙonsa ba. Sai dai inda ya yi tsaye sosai dole mahayi ya sauka, jakin ma da kansa yake ji. Ni kuwa kaina ya ɗauki sara, numfashi ya ƙi isa ƙirji, ina ja ina tsayawa, wasu mata suka sauko da buhunan tafarnuwa suna hira, suka gaishe mu suka wuce kamar masu zuwa rijiya.

Bayan mun yi azahar a wata inuwa, Baba ya kasa tashi. Leɓɓansa sun yi fari. Na tsorata ƙwarai, na fara tunanin me zan gaya wa mahaifiyata. Sidi ya durƙusa gabansa ya ce, "Alhaji, ka yi abin da ya fi ƙarfinka. Ba ni in kai masa, ni ɗan'uwansa ne, kafin magariba na dawo."

Baba ya dafe takobin. "Hannu da hannu yac ce."

"To in hau in kira shi ya sauko."

"Ba a kiran mai gado shi zo shi amsa bisa hanya. Ku kama ni."

Muka kama shi, ni a dama Sidi a hagu. Taki ashirin mu tsaya, taki ashirin mu tsaya. Ban san sau nawa muka tsaya ba, na dai san inuwa ta yi tsawo sosai lokacin da hanyar ta kwanta, muka ga kanmu a fili. Ga lambuna kore shar a saman dutse, lemo da rumman da ɓaure, ga raƙumi yana jan guga daga rijiya yana kai da komowa, ruwa na bin magudanai. Iska mai sanyi ta buge mu. Baba da ko magana ba ya iyawa sai da ya tsaya bakin wani lambu, ya tsuguna ya tona albasa ɗaya da yatsa, ya ce ƙanana ne amma za su yi ajiya.

Mun sami Ilyas a bayan gari yana ɗaure damman ciyawar da raƙuma za su ci a hanyar Bilma. Mutum ne mai kamar shekara arba'in, idanunsa kawai ake gani, kuma idanun na Agali ne sak. Ya ga takobin a kafaɗar Baba, na ga ya gani. Aka yi gaisuwa irin tasu, tafi na shafar tafi ana janyewa ana sakewa, ana tambayar gajiya da zafi da mutanen gida. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura da aka dama da cuku da dabino, aka ɗora shayi. Sidi ya riga ya gargaɗe ni cewa ba a ɗaga maganar da ta kawo mutum sai an sha kofi na uku. A Illela da tuni an gama an tashi.

Da aka kwashe kofuna, Baba ya cire takobin ya ɗora a tafukansa biyu ya miƙa. Ilyas bai karɓa ba. Ya bar shi a haka, ya yi magana da Hausa mai kyau, a hankali.

"Shekara talatin ya tsare ƙofarku. Tamu ƙofar ba ta da mai tsaro. Uwata ta rasu ba ya nan. Na yi aure ba ya nan."

Raina ya ɓaci. Na buɗe baki zan ce mutumin nan ya kusa mutuwa a hanya saboda kai, Baba ya taka mini ƙafa.

"Gaskiya taka ta, ɗana," ya ce. "Mu munka ci moriyarshi, ku kunka yi rashi. Da na matsa mashi shi komo tun shina iya hawa, da ya komo. Ban matsa ba, don ina jin daɗin zama da shi. Ban zo wanke kaina ba."

Bai sauke hannun ba. Ni na san nauyin takobin nan, na kuma san abin da ya rage a jikin Baba, amma ya riƙe. Ban taɓa alfahari da kasancewa ɗansa kamar lokacin ba.

Ilyas ya dubi takobin. Sannan ya ce, "Wa ya yi masa wanka?"

"Hannuwan ga da kaka gani."

"A ina kuka sa shi? Wurin baƙi?"

"Gehen mahaihina. Sahu bakwai anka yi mashi wurin salla, kasuwar albasa ba ta ci ba ran nan."

Ilyas ya ja rawaninsa sama har ya rufe idanun. Kafaɗunsa suka motsa sau ɗaya, sau biyu. Ya matso a kan gwiwoyinsa, ya sa hannu biyu ƙarƙashin na Baba, ya ɗauke nauyin.